Lalacewar Tsokar Zuciya a Ɓoye Ga Masu Ciwon Suga

Idan ana lissafa ɓarnar da ciwon suga yake yi wa jiki, abin da ya fi saurin zuwa baki shi ne makanta, da mutuwar ƙoda, da gyambon ƙafa da kan kai ga yankewa, domin su ne ake gani da ido, su ne kuma suke tayar wa dangi hankali. In an ambaci zuciya kuwa, galibi ana nufin toshewar jijiyoyin da suke shayar da ita jini, wadda takan kayar da mutum farat ɗaya. Amma akwai wata ɓarna ta daban da take faruwa a cikin naman zuciyar kansa, wato tsokar da take matsewa tana saki dare da rana, ko da jijiyoyin a buɗe suke, ko da mutum ba ya da hawan jini, kuma takan ɗauki shekaru tana cin gaba ba tare da mai ita ya ji komai a jikinsa ba. Ƙarshenta shi ne abin da likitoci suke kira gazawar zuciya, wato halin da zuciya take kasa tura jini gwargwadon buƙatar jiki, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu da ciki, numfashi ya yi wuya, mutum ya riƙa shiga asibiti yana fita.

Tun a 1954 wani likita ɗan ƙasar Denmak, Knud Lundbæk, ya yi nuni da cewa ciwon suga yana da irin cutar zuciyarsa ta musamman, sai dai maganar ba ta samu gindin zama ba sai a 1972, lokacin da Shirley Rubler da abokan aikinta a birnin New York suka binciki zukatan mutum huɗu masu ciwon suga da suka rasu da gazawar zuciya, suka tarar da tsokar ta yi kauri ta cika da tabo, alhali manyan jijiyoyinta ba su toshe ba, kuma babu hawan jini ko lalacewar ƙofofin zuciya da za a ɗora wa laifin. Mutum huɗu ba su isa a gina hukunci a kansu ba, amma bayan shekara 2 sai hujja ta zo daga binciken Framingham, wanda aka fara a 1948 a jihar Massachusetts ana bin lafiyar dubban mazauna gari guda shekara da shekaru. Rahoton 1974 ya nuna cewa haɗarin gazawar zuciya ya ninka fiye da sau 2 ga maza masu ciwon suga, ya ninka kusan sau 5 ga mata, kuma bambancin bai gushe ba bayan an cire tasirin shekaru da hawan jini da ƙiba da cutar jijiyoyin zuciya daga lissafi.

Fahimtar abin da yake lalacewa tana buƙatar a san cewa kowane bugun zuciya yana da ɓangare biyu. Babban ɗakin zuciya na hagu na ƙasa, wanda shi ne yake tura jini zuwa ga dukkan jiki, yakan matse ya fitar da kimanin mililita 70 na jini, sannan ya saki jiki ya buɗe don ya karɓi sabon jinin da yake tahowa daga huhu, kuma hakan yana maimaituwa wajen sau 100,000 a kowace rana. Mutane sukan ɗauka cewa matsewar ita ce aiki, sakin kuwa hutu ne, alhali sakin ma aiki ne mai cin ƙarfi, domin kafin zaren tsoka ya saki sai an kwashe sinadarin kalsiyam da ya sa shi matsewa an mayar da shi ma'ajiyarsa a cikin ƙwayar halitta, kuma famfon da yake wannan kwasa yana shan makamashi sosai. A wajen mai ciwon suga, wannan ɓangare na saki shi ne yake fara samun matsala. Zuciyar takan zama kamar salkar da fatarta ta bushe ta ƙage: tana iya fitar da ruwan da yake cikinta, amma ba ta buɗewa ta karɓi sabo sai an ɗura mata da ƙarfi. Wannan ƙarfin ɗurawa shi ne yake komawa baya ya kumbura ɗakin hagu na sama, daga nan ya hau jijiyoyin huhu, har ranar da ruwa zai fara tsattsafowa cikin huhun.

Nan ne ake samun ruɗani a wajen awo. Ma'aunin da likitoci suka daɗe suna dogara da shi shi ne kason fitarwa, wato kashi nawa cikin 100 na jinin da yake cikin ɗakin hagu ne ake turawa waje a bugu guda, kuma ana ɗaukar kashi 50 zuwa sama a matsayin lafiya. Zuciyar da ta ƙage tana iya nuna kashi 60 cif, domin ɗan abin da ta karɓa tana fitar da shi yadda ya kamata, sai a rubuta wa mutum cewa hoton zuciyarsa lafiya lau, alhali cutar ta riga ta yi nisa. Kusan rabin masu gazawar zuciya a yau kason fitarwarsu bai ragu ba, kuma masu ciwon suga, musamman mata masu ƙiba da suka manyanta, suna da yawa a cikin wannan rukuni.

Hanyoyin da suga yake bi ya kai ga wannan ƙagewa suna da yawa, suna kuma taimakon juna. Ta farko ta shafi abincin tsokar. Lafiyayyar zuciya tana samun kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na makamashinta daga kitse, sauran daga suga da wasu sinadarai, kuma tana iya sauyawa daga wannan zuwa wancan gwargwadon hali. Idan insulin, wato sinadarin da yake buɗe wa suga ƙofar shiga ƙwayoyin jiki, ya yi ƙaranci ko jiki ya daina jin maganarsa, sai zuciya ta rasa wannan zaɓi, ta koma kusan kacokan ga kitse, wanda ƙona shi ya fi cin iskar oksijin, ragowarsa kuma tana taruwa a cikin ƙwayoyin tsoka ta zama guba gare su. Ta biyu ita ce manne wa furotin da suga yake yi idan ya daɗe da yawa a jini. Kolajin, wato zaren da yake riƙe da tsokar zuciya yana ba ta siffa, idan suga ya manne masa sai zaruruwansa su sarƙe da juna su yi tauri, jiki kuma ya kasa warware su ya sabunta su kamar yadda ya saba, a hankali tabo ya maye gurbin nama mai laushi. Ga kuma famfon kalsiyam da aka ambata, wanda yake raunana a ciwon suga. Ga ƙananan jijiyoyin jini da suke ratsa tsokar, waɗanda suka fi gashi siranta kuma ba a ganinsu a hoton manyan jijiyoyi, su ma bangonsu yana kauri, adadinsu yana raguwa, ba sa buɗewa su ƙara jini lokacin da mutum ya yunƙura. A kan duk wannan, jijiyoyin laka da suke daidaita saurin bugun zuciya ba tare da sanin mutum ba suna lalacewa kamar yadda na ƙafa suke lalacewa, shi ya sa ake samun mai ciwon suga da zuciyarsa take gudu sama da bugu 90 ko 100 a minti yana zaune, alhali zuciyar da ta ƙage ba abin da take buƙata kamar lokaci isasshe tsakanin bugu da bugu don ta cika.

Dalilin da ya sa abin yake tafiya a ɓoye ya cancanci a tsaya a kansa, domin rabinsa a jiki yake, rabinsa kuma a halin ɗan Adam. Zuciya tana da rarar ƙarfi mai yawa: tana tura wajen lita 5 na jini a minti idan mutum yana hutawa, tana kuma iya ninka wannan sau 4 ko fiye idan ya shiga aiki mai nauyi, saboda haka za a iya cinye kaso mai tsoka na wannan rara kafin mutumin da yake zaune a shago ko ofis ya lura. Idan alamun suka fara leƙowa kuma, mutum yakan rage wa kansa aiki ba tare da ya san ya rage ba. Dattijon da ya saba takawa zuwa masallacin Juma'a sai ya koma hawan adaidaita, ya ce rana ce ta yi zafi. Uwargidan da take daka da ɗibar ruwa sai ta bar wa yara, ta ce girma ne ya zo. Wani ya ƙara matashi na biyu a shimfiɗarsa saboda kwanciya a miƙe tana sa shi tari, wani ya ga takalminsa yana matse shi da yamma, shatin igiyarsa ya fito a bayan ƙafa, da safe kuma ya ga ya sassauta, sai ya ce tsayuwa ce ta yi yawa. In an tambaye su lafiya, amsar ita ce alhamdulillahi, sai dai jiki da jini. Wannan haƙuri abin yabo ne a zaman duniya, amma a ɗakin likita yakan rufe ainihin abin da ake nema, musamman idan ganawar ba ta wuce duba lambar suga da sabunta takardar magani ba. Da yawa daga abin da ake kira cuta marar alama, a gaskiya cuta ce da ba a yi tambayar da za ta fito da alamarta ba.

Game da yawan masu wannan matsala, alƙaluma sun sha bamban ƙwarai. Wani bincike da aka wallafa a 2001 daga Kebek ta Kanada ya duba maza 46 masu ciwon suga nau'i na biyu, wato wanda yake kama manya kuma yake tafiya da ƙiba, dukkansu sugansu a daidaice, ba su da hawan jini ko wata alamar ciwon zuciya, ya samu matsalar saki a kashi 60 cikin 100. Wani kuma da ya fito a 2010 daga gundumar Olmsted ta jihar Minnesota, wanda ya yi amfani da ma'auni mai tsauri a kan mutum 1,760, ya samu kashi 23, amma ya nuna abin da ya fi adadin muhimmanci: cikin shekara 5 kusan kashi 37 na waɗanda aka samu da matsalar sun kai ga gazawar zuciya bayyananniya, idan aka kwatanta da kusan kashi 17 na waɗanda ba a same su da ita ba. Bambancin alƙaluman ya samo asali ne daga bambancin ma'auni da shekarun waɗanda aka auna, kuma wannan ya ba masu suka ƙofa. Akwai masana da suke ganin cewa da wuya a samu mai ciwon suga nau'i na biyu da ba ya da hawan jini ko ƙiba ko ciwon ƙoda, don haka ware wata cuta a ce ta suga ce zalla tamkar raba abin da bai rabu ba ne. Sukar tana da ƙarfi ta fuskar ilimi, amma ba ta sauya komai a wajen mai jinya, domin ko suga ne shi kaɗai ko da abokan tafiyarsa, tsokar tana lalacewa kafin alama ta bayyana, kuma an tabbatar da cewa haɗuwar suga da hawan jini ta fi kowannensu ɓarna. Wannan ne ya sa ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka, tun 2001, suka kasa gazawar zuciya mataki huɗu, suka sa duk mai ciwon suga a mataki na farko na masu haɗari, wanda kuma awo ya nuna canji a zuciyarsa ba tare da alama ba suka sa shi a mataki na biyu.

Tambayar da ta biyo baya ita ce ko ya dace a riƙa neman cutar a jikin wanda bai yi ƙorafi ba. Ba kowane nema ne yake da amfani ba. A binciken DIAD da aka wallafa sakamakonsa a 2009, an bi mutum 1,123 masu ciwon suga, aka yi wa rabinsu awon neman ƙarancin jini na ɓoye a jijiyoyin zuciya, amma bayan kusan shekara 5 ba a ga bambancin a zo a gani ba tsakanin waɗanda aka auna da waɗanda ba a auna ba. Lamarin tsoka ya ɗauki wata hanya dabam saboda wani awon jini mai sauƙi. Zuciya idan bangonta ya sha matsi takan saki wani sinadari da ake kira BNP, wanda masana a Japan suka gano a 1988, kuma ana iya auna shi ko ɗan'uwansa NT-proBNP daga jinin hannu. A binciken PONTIAC na birnin Viyana a 2013, an ɗauki mutum 300 masu ciwon suga da ba a san su da ciwon zuciya ba amma NT-proBNP ɗinsu ya haura 125, aka ƙara wa rabinsu magungunan kare zuciya har zuwa cikakken kima, sai kwanciya asibiti ko mutuwa saboda zuciya ta ragu da kusan kashi 65 cikin shekara 2. Binciken ƙarami ne, amma tare da makamancinsa daga ƙasar Ailan ya sa Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka ta ba da shawara a 2022 cewa a riƙa yi wa masu ciwon suga wannan awo, wanda nasa ya hau kuma a tura shi hoton zuciya na eko, wato wanda ake ɗauka da sautin da kunne ba ya ji. Awon yana da tarkonsa: ƙiba tana saukar da shi, tsufa da ciwon ƙoda da rikicewar bugu suna ɗaga shi, don haka ba a karanta shi shi kaɗai. Zanen lantarkin zuciya na isiji kuwa, wanda shi ne aka fi samu a asibitoci, yana iya fitowa lafiya ƙalau alhali tsokar ta ƙage.

Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne cewa saukar da suga kaɗai bai wadatar ba. Gaskiya ne cewa haɗarin gazawar zuciya yana hawa tare da HbA1c, wato awon da yake nuna matsakaicin sugan jini na wata 2 zuwa 3, amma manyan gwaje-gwajen da aka kammala a 2008 da 2009, inda aka matsa wa suga lamba sosai, ba su rage gazawar zuciya ba, har ma aka dakatar da ɓangaren suga na ɗaya daga cikinsu, gwajin ACCORD, saboda mace-mace sun fi yawa a cikin waɗanda aka fi matsa wa. Wasu magungunan suga ma ƙara matsalar suke yi: rosiglitazone da pioglitazone suna sa jiki riƙe ruwa, saxagliptin kuma a gwajin 2013 ya ƙara kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya da kashi 27. Maganin hawan jini ne ya nuna riba mai yawa tun da wuri, domin a binciken UKPDS na Birtaniya da ya fito a 1998, saukar da awon jini zuwa wajen 144 bisa 82, maimakon 154 bisa 87, ya rage gazawar zuciya da fiye da rabi.

Canji na haƙiƙa ya zo ne a 2015 ta inda ba a zata ba. Ƙoda tana tace wajen giram 180 na suga kowace rana ta mayar da shi jini, kuma an ƙirƙiro wasu magunguna da suke toshe wannan mayarwa don sugan ya fita ta fitsari, tushensu wani sinadari ne da aka fara samu a ɓawon itacen tuffa tun 1835. Da aka gwada ɗaya daga cikinsu, empagliflozin, a kan mutum 7,020 masu ciwon suga da cutar jijiyoyin jini, manufar farko ita ce a tabbatar ba ya cutar da zuciya, sai aka ga kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya ta ragu da kashi 35, mutuwa ta dalilin zuciya da jijiyoyi ta ragu da kashi 38, kuma amfanin ya fara bayyana cikin watannin farko, da wuri fiye da yadda saukar suga za ta iya bayyanawa. Gwaje-gwajen 2019 da 2021 da 2022 sun nuna cewa dapagliflozin da empagliflozin suna taimakon masu gazawar zuciya ko suna da ciwon suga ko ba su da shi, har da masu zuciyar da ta ƙage, waɗanda aka daɗe ba a da wani magani tabbatacce dominsu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan rukuni cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa su a kowace ƙasa ba.

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta, nisan da yake tsakanin wannan ilimi da majinyaci yana da yawa, kuma abin damuwa ne matuƙa. Ƙididdigar Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya ta 2021 ta nuna manya miliyan 24 ne suke da ciwon a yankin Afirka, fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba, wanda yake nufin zuciya takan sha shekaru a cikin suga kafin a fara ko da ƙwaya ɗaya. Binciken THESUS-HF na 2012, wanda ya tattara majinyata 1,006 daga ƙasashe 9 na kudu da Sahara har da Najeriya, ya samu matsakaicin shekarun masu gazawar zuciya 52 ne, wato shekarun da magidanci yake ɗauke da nauyin gida, kuma hawan jini ne kan gaba a dalilai. Na'urar eko da ƙwararren da zai karanta ta galibi sai a asibitocin koyarwa da manyan birane, awon NT-proBNP da sababbin magunguna kuma daga aljihu ake biya. Duk da haka, abubuwa masu nauyi a cikin wannan yaƙi ba su da tsada: auna hawan jini a kowace ziyara da riƙe shi da magani ba fashi, awon furotin a fitsari sau ɗaya a shekara domin ƙodar da ta fara zubar da shi alama ce ta zuciyar da take cikin haɗari, danna yatsa a ƙaurin ƙafa a ga ko zai lotsa, da tambayar majinyaci abin da yake iya yi bara wanda ya daina yi bana. Haka nan rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano da kanwa, wadda likitocin Zariya suka danganta yawan shanta a kunun jego da gazawar zuciyar masu haihuwa tun shekarun 1970, da guje wa magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saya a kemis ba takarda, domin suna riƙe ruwa suna kuma taɓa ƙoda.

Su kansu sababbin magungunan suna buƙatar a san yanayin da ake shan su a ciki. Suna ƙara fitsari, suna iya jawo ƙaiƙayin gaba saboda sugan da yake fita, kuma a wasu lokuta ƙalilan suna haddasa taruwar asid a jini ko da awon suga bai hau sosai ba, shi ya sa ake dakatar da su idan mutum yana amai ko gudawa ko ya kasa cin abinci, da kuma kwana 3 kafin tiyata. A wuraren da zafin bazara yake haura digiri 40, mai shan su tare da maganin fitar da ruwa yana iya bushewa cikin sauƙi, musamman a watan azumi, don haka masana suke ba da shawarar kada a fara su dab da Ramadan, a sha su lokacin buɗa baki, a yawaita ruwa tsakanin magariba da sahur, kuma mai ciwon suga da aka riga aka samu rauni a zuciyarsa ya ga likitansa makonni 6 zuwa 8 kafin ganin wata don a daidaita masa kima.